Lamba Na Hawa, Mudu Na Raguwa: Ina Albashin Ma'aikatan Fasaha Ya Dosa?

(Taken shiri. A sassauta.)

   

Maganarmu ta yau maganar tuwo ce, tunda maganar albashi ce. Shekaru da dama ke nan ana faɗa wa matasanmu abu guda: ka koyi kwamfuta, ka iya rubuta manhaja, sai ka zauna a ɗakinka ana biyan ka da dala. Iyaye da yawa sun gaskata. Sun ƙuntata wa kansu, sun saya wa ɗa ko 'ya kwamfuta, sun biya kuɗin horo. Sai ga shi labari ya fara sauyawa. Yau a ji kamfani kaza ya sallami mutum dubu goma, gobe a ji wani ya rufe ofis, jibi yaron da aka kashe wa kuɗi ya dawo yana cewa aikin ya yi wuyar samu, wanda ake samun ma an karya farashinsa.

To, shin da gaske ne ladan masu aikin fasahar zamani yana faɗuwa, ko dai kururuwa ce kawai?

Ga amsar a dunƙule, sannan mu warware ta. Ƙwararren da ke zaune daram a kan kujerarsa, lambar da ke kan takardar albashinsa ba ta sauka ba, abin da lambar ke iya saye ne ya ragu. Ɗan kwangila kuwa, lambar kanta ta taɓu. Shi ko sabon shiga, ƙofar ce ta ƙuntata a gabansa. Mutum uku ke nan, kowa da inda ke masa ciwo. Duk wanda ya haɗa su ya ba su amsa ɗaya bai yi wa ko ɗaya daga cikinsu adalci ba.

(Kiɗa kaɗan.)

Za mu fara daga Amurka, domin can ne babbar kasuwar wannan sana'a take ci. Farashin da aka yanka a can shi ke bin sauran duniya, kamar yadda farashin Dawanau ke bin ƙananan kasuwannin hatsi.

A shekarar 2020 annobar korona ta kulle mutane a gida. Karatu ya koma intanet, taro ya koma intanet, saye da sayarwa ma haka. A watan Maris na wannan shekara babban bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa har ya kusa kai shi sifiri. Bashi ya yi araha, masu zuba jari suka rasa inda za su kai kuɗinsu, sai suka kwarara su cikin kamfanonin fasaha. Kamfanonin kuma suka shiga rububin ma'aikata. Ku ɗauki Meta, kamfanin da ke da Facebook da WhatsApp da Instagram. A ƙarshen 2019 ma'aikatansa kusan 45,000 ne. Zuwa ƙarshen watan Satumban 2022 sun haura 87,000. Cikin ƙasa da shekara uku ya kusa ninka mutanensa.

Duk wanda ya taɓa neman 'yan ƙodago a makon noman fari ya san wannan yanayi. Ruwa ya sauka, ciyawa ta taso, kowane mai gona yana son a nome masa a rana ɗaya. A irin wannan mako ɗan ƙodago ke faɗin kuɗinsa, mai gona ya biya yana godiya. Haka masu rubuta manhaja suka kasance a 2021. Mutum kan samu tayin aiki daga wurare uku, ya zaɓi wanda ya fi tsoka.

Amma noman fari ba ya ɗorewa har kaka. Farashin kaya ya yi ta hawa a Amurka, har hauhawar ta kai kashi 9.1 cikin 100 a watan Yunin 2022, abin da aka yi shekara arba'in ba a gani ba. Don a shawo kanta, babban bankin ya fara ɗaga kuɗin ruwa daga Maris na 2022, bai tsaya ba sai da ya haura kashi 5 cikin 100 a 2023. Kuɗin araha ya ƙafe. Masu jarin da jiya ke cewa a faɗaɗa, yau suka ce a nuna musu riba.

Daga nan sallama ta fara. A Nuwamban 2022 Meta ya sallami mutum 11,000, ya ƙara da 10,000 a Maris na 2023. Twitter, bayan Elon Musk ya saye shi, ya kori kusan rabin ma'aikatansa 7,500 a tashi ɗaya. A Janairun 2023 kaɗai, Google ya sanar da sallamar 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000, daga baya ya ƙara 9,000. Shafin Layoffs.fyi, wanda ke ƙirga irin wannan sallama, ya lissafa sama da mutum 260,000 a shekarar 2023.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika ambata ba, ga shi kuwa ya shafe mu. Wata dokar haraji da Amurka ta zartar a 2017 ta fara aiki a 2022. A da, kamfani kan cire duk abin da ya kashe wajen biyan masu rubuta manhaja daga ribar shekarar, kafin a yanka masa haraji. Sabuwar doka ta ce sai dai ya rarraba cirewar a kan shekara 5, in kuma aikin a ƙasar waje aka yi shi, shekara 15. Wato ɗaukar mai rubuta manhaja ya ƙara wa kamfani nauyin haraji. A watan Yulin 2025 an janye wannan sharaɗi ga aikin da aka yi a cikin Amurka, amma an bar shi a kan aikin waje. Matashin da ke neman aikin kamfanin Amurka daga Kaduna ko Maraɗi, wannan doka tana cikin abin da ake auna shi da shi, ko da bai taɓa jin labarinta ba.

(Kiɗa kaɗan.)

To yanzu mu duba mutum na farko, wanda sallama ta tsallake, yana nan a kan kujerarsa.

Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka tana fitar da abin da ake kira tsaka-tsakin albashi. Ma'anarsa, a jera dukkan masu sana'a ɗaya daga mai ƙaramin albashi zuwa mai babba, a ɗauki na mutumin da ke tsakiyar layi. Ga masu rubuta manhaja, a watan Mayun 2021 wannan albashi dala 120,730 ne a shekara. A Mayun 2022 ya zama 127,260. A 2023, 132,270. A 2024, 133,080.

Kun ji lamba tana hawa, ba ta taɓa sauka ba. Wanda ya tsaya a nan zai ce ai babu abin da ya faru. Amma ku saurari sauran lissafin. Daga 2021 zuwa 2024 albashin ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100. A daidai wannan tsakani, farashin kaya a Amurka ya ƙaru da sama da kashi 16 cikin 100. Albashi yana tafiya, farashi yana gudu.

Babu wanda ya fi uwargida fahimtar wannan. Maigida ya ƙara mata kuɗin cefane, ta tafi kasuwa da murna, ta dawo da ƙasa da abin da ta saba sayowa. An ƙara mata a hannu, an rage mata a tukunya. Shi ya sa nake roƙon ku, daga yau in an faɗa muku albashin wani, kada ku tsaya a lamba. Ku tambaya mudu nawa yake saye.

Sannan akwai abin da wannan ƙididdiga ba ta nunawa. Tana ƙirga masu aiki ne kaɗai. Wanda aka sallama, ya yi wata takwas yana aika takardun neman aiki ba amsa, ba ya cikin layin da aka jera. In aka fi sallamar ƙananan ma'aikata aka bar manya, tsaka-tsakin albashi zai iya hawa alhali gidajen da ke cin abinci daga sana'ar sun ragu. Kuma wanda ya tsira a kujerarsa ya rasa wani abu mai daraja, wato bakin ciniki. Jiya yana iya cewa a ƙara masa ko ya tafi. Yau ya san akwai mutum ɗari a bakin ƙofa suna jiran ya tashi.

(Kiɗa kaɗan.)

Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna tattaunawa ne a kan albashin masu aikin fasahar zamani, ko yana faɗuwa ko a'a. Mun ga halin ma'aikacin dindindin. Yanzu sai mutum na biyu, ɗan kwangila, kuma a nan nake son mu daɗe, domin yawancin 'ya'yanmu da ke wannan harka a wannan sahu suke.

Ɗan kwangila shi ne wanda ba a ɗauke shi aiki ba, jinga aka ba shi. Ka gina mini shafin intanet, ka gyara mini wannan manhaja, ka yi mini aikin wata shida, in an gama kowa ya kama gabansa. Kada ku ɗauka 'yan tsiraru ne. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa a watan Maris na 2019 Google yana da 'yan kwangila da ma'aikatan wucin gadi kimanin 121,000, alhali ma'aikatansa na dindindin 102,000 ne. 'Yan jinga sun fi 'yan gida yawa.

Me ya sa kamfani ke son ɗan kwangila? Saboda babu fansho, babu inshorar lafiya, babu hutu mai albashi, babu kuɗin sallama. Idan kasuwa ta yi kyau, kuɗinsa na awa kan fi na ma'aikacin gida, domin duk waɗannan ɗawainiyoyi a wuyansa suke. Idan kasuwa ta juya, shi ake fara taɓawa. Rage wa ma'aikacin dindindin albashi abu ne mai wuya, akwai doka, akwai surutu, akwai gudun ɓacin suna. Ɗan kwangila kuwa, jira kawai ake wa'adinsa ya cika, a ce ko ya karɓi sabon farashi ko a nemi wani. Ba a sanarwa, ba a buga shi a jarida. Ga shi kuma dubban ƙwararrun da manyan kamfanoni suka sallama sun sauko cikin kasuwarsa, suna neman jingar da yake nema.

A Birtaniya kuma gwamnati ce ta ƙara matse su. Akwai dokar haraji da ake kira IR35. Daga watan Afrilun 2021 aka ɗora wa matsakaita da manyan kamfanoni masu zaman kansu nauyin tantance ko ɗan kwangilarsu ma'aikaci ne a fakaice. In aka ce haka ne, sai a yanke masa haraji irin na ma'aikaci, ba tare da ya samu gatan ma'aikaci ba. Kuɗin da aka yi ciniki a kai yana nan yadda yake, abin da ke shiga aljihu ya ragu.

Sai kasuwannin intanet, irin su Upwork da Fiverr, inda matasanmu suka fi baje kolinsu. Dillalai ne, kuma dillali da la'ada yake ci. Fiverr yana ɗaukar kashi 20 cikin 100 na kowane ciniki. A misali, a ce yarinya ta samu aikin dala 500. Dala 100 ta tafi tun kuɗin bai iso ba. A cikin 400 da suka rage za ta cire kuɗin turowa da na canji, da data, da man janareta ko batirin sola, da kwanakin da ta ɓata tana neman aikin, da makonnin da za ta zauna kafin wani ya faɗo. Wanda ya ji dala 500 zai ce ta yi arziki. Ita ce ta san abin da ya saura.

Ƙofar da ta ba ta damar taya aiki daga Zariya, ita ce ta ba wa na Lahore da Dhaka da Manila dama. Duk a layi ɗaya suke. Kun san yadda Kwanar Gafan take idan tumatirin rani ya nuna gaba ɗaya: kwanduna jere har bakin titi, mai saye yana taku a hankali, manomi yana kallon rana yana kallon kayansa. Tumatirin bai lalace ba, yawa ne ya karya shi. Haka ƙananan ayyukan fasaha suka zama, irin su haɗa shafi mai sauƙi, da zana tambari, da shigar da bayanai. Masu iyawa sun yi yawa.

Ana cikin haka sai ga ƙirƙirarriyar basira. A ranar 30 ga Nuwamban 2022 aka saki ChatGPT. Masana daga jami'ar Washington da ke St. Louis da jami'ar New York sun bi diddigin masu aikin rubutu a Upwork bayan fitowarsa. Suka ga yawan ayyukan da suke samu a wata ya ragu da kashi 2 cikin 100, kuɗin shigarsu kuma ya ragu da kusan kashi 5 cikin 100, cikin 'yan watanni kawai. Abin da ya fi tayar da hankali, waɗanda suka yi suna da ƙwarewa ma abin bai ƙyale su ba.

A can ƙasan tsani kuma akwai masu horar da ita wannan basira, masu zama suna tantance hotuna da rubuce-rubuce don na'ura ta koya. A Janairun 2023 mujallar Time ta ruwaito cewa ma'aikata a Kenya, da wani kamfani mai suna Sama ya ɗauka don yi wa OpenAI, mai ChatGPT, aiki, ana biyan su ƙasa da dala 2 a awa, suna karanta munanan rubuce-rubucen da ke tayar da zuciya. A watan Maris na 2024 kuma dandalin Remotasks, mai ba da irin wannan aiki, ya rufe ƙofarsa ga ma'aikatan Kenya da Najeriya. Mutane sun kwana da sana'a, sun tashi babu. Wannan ita ce rayuwar ɗan jingar da bai san fuskar mai gonar ba.

(Kiɗa kaɗan.)

Mutum na uku shi ne sabon shiga, wanda ya gama koyo yana neman inda zai sa ƙafa.

A Indiya, ƙasar da ta fi kowace fitar da irin waɗannan ma'aikata, manyan kamfanoni kamar TCS da Infosys sun shafe sama da shekara goma suna ba wa sabon ɗauka kusan albashi guda, wajen rufi 350,000 a shekara, alhali kuɗin haya da na abinci ba su tsaya jiran kowa ba. Dalili? Masu kammala karatu sun fi guraben yawa. A watan Yulin 2025 TCS ya sanar da rage ma'aikata kusan 12,000.

A Amurka, masu bincike na jami'ar Stanford sun fitar da rahoto a watan Agustan 2025. Sun gano cewa yawan masu rubuta manhaja 'yan shekara 22 zuwa 25 da ke da aiki ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 daga ƙarshen 2022, alhali na manya bai ragu haka ba. Kuma sun lura cewa a wajen ɗaukar aiki abin ya fi bayyana, ba a wajen albashi ba. Ƙananan ayyukan da ake ba yaro ya koyi hannu da su, su ne na'ura ta fara iyawa. Ku kwatanta da shagon tela da aka kawo injin yin aljihu da sa maɓalli. Maigida bai rasa komai ba. Yaron shago ne ya rasa abin da zai fara da shi.

A daidai wannan lokaci, can ƙololuwa, ana zabga kuɗin da hankali ba ya ɗauka. A watan Yunin 2025 shugaban OpenAI, Sam Altman, ya ce Meta yana yi wa wasu ma'aikatansa tayin dala miliyan 100 don su sauya sheƙa. Ka ga ke nan kasuwar ta tsage biyu. 'Yan ƙalilan a sama suna faɗin kuɗinsu, jama'a a ƙasa ana faɗa musu. Mai tallar makarantar horo labarin na sama yake ba ku. Ni kuma wajibina ne in ba ku na ƙasa.

Amma kada wannan ya sa a yanke ƙauna, domin an taɓa ganin irinsa. Tsakanin Maris na 2000 da Oktoban 2002, kasuwar hannun jari ta Nasdaq, inda kamfanonin fasaha suka fi yawa, ta yi asarar sama da kashi uku cikin huɗu na darajarta. Kamfanoni suka mutu, ɗalibai suka guje wa karatun kwamfuta. Bayan 'yan shekaru sai ga Facebook a 2004, ga iPhone a 2007, aka dawo ana neman ma'aikata ruwa a jallo. Waɗanda suka daure suka ci gaba da koyo a lokacin fari, su suka girbe.

Kuma ku sani, albashi ba ruwan sama ba ne da ke sauka yadda Allah Ya so ba da hannun kowa ba. Akwai hannun mutane a ciki. A 2015 kamfanonin Apple da Google da Intel da Adobe sun amince su biya dala miliyan 415 don sasanta ƙarar da ma'aikata sama da 64,000 suka shigar, bisa zargin kamfanonin sun haɗa baki ba sa zawarcin ma'aikatan juna, abin da ke danne albashi. In har a can, inda akwai kotu da lauyoyi, sai da aka kai ga haka, to ɗan kwangilar da ke shi kaɗai a ɗakinsa ya fi kowa bukatar sanin haƙƙinsa.

(Kiɗa kaɗan.)

Mu dawo gida, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Kamfanin Andela, wanda ya fara a Legas a 2014 yana horar da matasa yana haɗa su da kamfanonin waje, tun a Satumban 2019 ya sallami ƙananan masu rubuta manhaja kusan 400 a Najeriya da Kenya da Uganda. Dalilin da ya bayar shi ne abokan cinikinsa ƙwararru suke so. Wannan ya faru tun kafin korona, tun kafin ChatGPT. A 2024 kuma Microsoft ya rufe cibiyarsa ta injiniyoyi da ke Legas.

Sai dai a Najeriya babban abin da ya raba ma'aikatan fasaha biyu shi ne da wane kuɗi ake biyan ka. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yuni, a farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. A ce ma'aikaci yana karɓar naira 400,000 a wata. A da kusan dala 870 ke nan. Bayan faɗuwar naira, bai kai dala 270 ba. Ba wanda ya rage masa ko sisi, amma kwamfutar da yake aiki da ita da dala ake sayo ta. Ga hauhawar farashi da ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024. Abokinsa kuwa da ake biya da dala, ko da an zaftare masa wani abu, in ya canza sai ya ga nairarsa ta ninka. Su biyun za su ba ka amsa mabambanciya, kuma kowa gaskiyarsa ya faɗa. 'Yan'uwanmu na Ghana sun ɗanɗani irin wannan a 2022, lokacin da sidi ya faɗi, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100. Na Nijar kuwa, tunda sefa a ɗaure take da yuro, wannan girgiza ta canji ba ta same su haka ba.

To me za mu yi?

Ƙannena maza da mata, kada ku ajiye kwamfuta. Ku ajiye mafarkin kuɗin dare ɗaya. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, to hangen dalar Amurka ma haka yake. Horon wata uku ƙofar gari ce kawai. Ku zurfafa har ku iya abin da ba kowa ya iya ba. Ku haɗa fasaha da wani fagen da kuka sani ciki da bai: lissafin ɗan kasuwar Kwari, bayanan marasa lafiya a asibiti, hada-hadar hatsi da taki, ko harshen Hausa kansa. Wanda ke Manila zai iya karya muku farashin zana tambari, amma bai san yadda ake bashi da biya a Kantin Kwari ba. Ita kuma ƙirƙirarriyar basira, ku koyi sarrafa ta yadda manomi ke sarrafa garmar shanu, ku kuma iya gane inda ta yi kuskure, domin a nan darajarku take.

In za ku yanka farashi, ku fara lissafa data da wuta da la'ada da kwanakin zaman jira, sannan ku faɗi kuɗinku. Ku rubuta yarjejeniya ko da da ɗan'uwa ne: me za a yi, yaushe, nawa, gyara sau nawa. Ku karɓi kafin alƙalami. Kada ku rataya abincinku a dandali ɗaya ko mutum ɗaya, kun ji abin da ya samu mutanen Remotasks. Watan da aka samu da yawa, a tuna da watan da ba za a samu ba. Kuma ku riƙa gaya wa juna gaskiyar farashi. Mai saye ya san abin da kowa ke karɓa, ku ne ba ku sani ba, kuma da wannan duhun ake cin ku.

Masu makarantun horo, ku ji tsoron Allah. Kada ku karɓi kuɗin marainiya da alkawarin dalar da ba ku da ikon ba ta. Ku faɗa wa ɗalibai mutum nawa kuka yaye, nawa suka samu aiki.

Masu ba da aiki a cikinmu, 'yan kasuwa da shugabannin ma'aikatu, yaron da ya kwana uku yana haɗa muku manhaja ya yi gumi, ko da ba ku ga laka a ƙafarsa ba. Kada a sallame shi da "Allah Ya yi albarka" kaɗai. Haƙƙinsa nauyi ne a wuyanku.

Hukumomi kuma, shirin gwamnatin tarayya na 3MTT, wanda aka ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan uku, niyya ce mai kyau. Amma ranar yaye ɗalibai ba ita ce ranar auna shi ba. A dawo bayan shekara a ƙirga nawa ne ke ci da sana'ar. A ba su wuta tsayayya da intanet mai araha, a kuma riƙa ba su ayyukan gwamnati na cikin gida su koyi hannu.

Iyayena, ku da kuka sayi kwamfutar nan da gumin goshinku, kuɗinku bai faɗa rijiya ba. Sana'ar tana nan, kuma har yau tana cikin masu tsoka. Abin da ya wuce shi ne makon noman fari, lokacin da ake ɗaukar kowa a kowane farashi. In yaronku ya dawo ya ce kasuwa ta yi nauyi, kada ku ce lalaci ne. Ku zaunar da shi, ku tambaye shi abin da kuke tambayar kowane mai sana'a a gidan: me ka iya wanda maƙwabcinka bai iya ba, nawa ka kashe, nawa ya saura, mudu nawa zai saya? Ranar da ya iya amsa waɗannan ba tare da in-ina ba, ya shiga birni.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba matasanmu abin yi na halal, Ya kare guminsu daga masu cin haƙƙi. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu. Assalamu alaikum, a huta lafiya.

(Taken rufe shiri.)